Tukunyar Gayya: Daga Gonar Gandu Zuwa Lambun Ƙungiyarmu

Iyayenmu mata, 'yan'uwa, ƙannenmu da 'ya'yanmu, har da mazajenmu da kan riga mu karanta wannan takarda in ta shigo gida, barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah ya jiƙan waɗanda muka fara tare da su ba su kawo yau ba, ya ƙara wa na raye lafiya da zumunci.

Da kwamitin biki suka ce in rubuta tarihi, na san ba jerin sunayen shugabanni ko lissafin asusu ake nema daga gare ni ba. Sakatariya da ma'aji sun yi wannan a shafukansu, sun kuma fi ni iyawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta taso a taronmu na watan jiya, aka tashi ba a yanke ba. Wai a daina ɗora tukunya ranar aikin lambu na bazara, kowace ta ba da kuɗi a ɗauko 'yan ƙwadago su yi shara, su yashe rijiya, su gyara darni, mu kuma mu huta. Masu wannan shawara ba maganar banza suka yi ba, zan dawo kan hujjarsu. Amma kafin a ɗaga hannu a ƙirga, ya kamata mu san shekarun tukunyar nan da muke shirin kifewa. Ta girmi ƙungiyarmu nesa ba kusa ba. Ta girmi Nijeriya ma.

Lokacin da aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya

Bazara ita ce makonnin nan na zafi tsakanin ƙarshen rani da saukar ruwa, wajen Afrilu da Mayu. Rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta ja baya, hadari ya haɗu a gabas da la'asar ya watse ba ko ɗigo. Manoma suna da nasu lissafin watanni dabam da na kalanda, shi ya sa suke cewa watan bakwai maƙarar rani. A wannan lokaci ne ake sassabe, a tattara kara da ƙaya a ƙone, a kai taki gona cikin mangala a bayan jaki. Mai ƙarfin hali ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran Allah. Ran da ruwan shuka ya sauka kuwa, gida kan fita kaf, namiji a gaba da sungumi yana sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, don laimar kwana ɗaya ko biyu ce.

Bayan shuka sai noman firi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ciyawa tana tashi a gonar kowa lokaci guda, ba ta san mai gona yana kwance ba lafiya ba, ba ta san 'ya'yansa ƙanana ne ba. Wanda ya makara da mako biyu, ya gama asarar kaso mai yawa na amfaninsa. Daga wannan matsi aka samu gayya. Kalmar ma da kanta ta nuna abin da take nufi, tushensu ɗaya da gayyata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to haka ba ya nome gona kafin ciyawa ta cinye ta.

Yadda ake yi a da, mai gayya zai aika da goro ga sarkin noma ko shugaban samari, a sa rana. Da sassafe samari su hallara da fartanya da garma, makaɗa su zo da gangar noma, a jeru kowa ya kama kunyarsa. Kiɗa na tashi, ana kirari, kowa na ƙoƙarin ya riga na kusa da shi fita bakin gona. Aikin da zai ɗauki mutum uku mako guda, sai a tashe shi kafin la'asar. Akan yi wa mai gari gayya, a yi wa malami, a yi wa tsoho ko majinyaci. Saurayi mai neman aure yakan kwaso abokansa su nome gonar surukinsa. Sauran kuwa ta zagaye ce, yau gonarka gobe tawa.

Wannan shi ne abin da maza ke ba da labari in ana hirar gayya. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne kowace gayya biyu ce: ɗaya a gona, ɗaya a cikin gida, kuma ta cikin gida ita ke fara tashi. Tun jajibiri uwargida ta aika wa maƙwabta da ƙawaye. A surfa gero, a wanke, a daka, a cuɗa fura. A ɗebo ruwa tulu bayan tulu, a tara itace, a kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa a babbar tukunya. Da hantsi 'yan mata su ɗauki kunu ko farau-farau su kai gona. Rana ta take a kai fura da nono cikin masaki, da ludaya. In an tashi, ga tuwon dawa cikin akusa yana jira. A gidajen Maguzawa akan haɗa da giya. Ba a biyan kowa ko anini. Amma mai gayyar da abincinsa ya kasa, ko aka ga ƙwauro a furarsa, baɗi in ya aika goro sai ya nome gonarsa shi kaɗai.

A nan nake so mu tsaya mu lura. Ɗan ƙwadago in ka biya shi da yamma, kun rabu, ba ka binsa ba ya binka. Wanda ya zo gayyarka ya ci tuwonka kuwa, bai tafi da hakkinsa a aljihu ba. Ya bar shi ajiya a wurinka, ranar tasa gayyar zai aiko a karɓo. Tuwon nan shaida ce cewa akwai bashi tsakaninku, irin bashin da ba wanda ke son a gama biya. Kuma hannun mata ne ke ƙulla shi.

Ba kowane akushi ne na zumunci ba

Kada in yi muku daɗin baki in ce da can komai lafiya lau ne. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙasar da ke tsakanin Zazzau da Kano. A 1949 da 1950 ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi littafi da Turanci a 1954. Yana cikin littattafai ƙalilan da muke jin muryar mace Bahaushiya ta wancan zamani a ciki. Baba ta ba da labarin rinjin danginta, inda bayi maza da mata ke zaune. Da sassafe su je 'yan gonakinsu, da hantsi su koma gandun ubangidansu su yi ta aiki har azahar, da tsakar rana a kai musu abinci daga gidan ubangida. To kun ga, nan ma ana noma tare, ana ci tare a bakin gona. Amma wanda ya ci wannan tuwo ba shi da ranar da zai aika ubangidansa ya zo ya nome masa tasa. Abin da ya raba gayya da bauta ke nan: a gayya, mai ci yau shi ne mai ciyarwa gobe.

Ko a gidajen 'ya'ya, tsarin gandu ne ke tafiyar da noma. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma babbar gona tare, daga rumbunta ake ci, daga ita ake biyan haraji da yin aure. Kowa kuma yana da 'yar gonarsa ta kansa, gayauna, wadda yake zuwa bayan an tashi daga gandu ko a ranakun da aka ware. A ƙauyuka da yawa mata ma suna da tasu. A wajen Maraɗi ana kiranta gamana, kuma abin da mace ta noma a ciki nata ne, miji ba shi da iko da shi. Kenan mallakar mace a kan abin da ta shuka ba baƙon abu ne da wata hukuma ta kawo mana ba.

Da Turawa suka zo, dokarsu ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wani abu ya biyo baya da ya shafe mu kai tsaye. Tun da a idon mutane baiwa ce ke duƙawa a gona cikin rana, matan da suka samu 'yanci da yawa sai suka bar gona suka shiga gida, kulle ya yaɗu har ƙauyukan da da ba su san shi ba. Mata suka koma kan sana'ar cikin gida: kaɗi, fura, ƙosai, man gyaɗa da ƙuliƙuli, yara na kai talla.

Sun bar gona, amma ba su bar gayya ba. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga daɓe da idonsu. In za a kai amarya, mata su taru a ɗakin, a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwan makuba, kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sumul, mai ɗaki kuma ta ciyar da kowa. Haka dakan biki, haka sussuka. Ga gudummawar biki, wadda mace ba ta mantawa da abin da ƙawarta ta kawo mata, don ta san ranar mayarwa na zuwa, har da ƙari. Ga ciyayya tsakanin maƙwabta, kwano ya fita kwano ya shigo. Ga adashi. Iyayenmu ba su da rajista, ba su da hatimi, amma duk ƙa'idar da ke cikin kundin ƙungiyarmu sun riga mu aiki da ita.

Da kuɗi ya shigo gona

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe da ƙarfin da Turawan kansu ba su zata ba, don su auduga suka sa rai. Haraji ya koma na tsabar kuɗi. Ba a jima ba aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Daga wannan zamani gona ta fara zama wurin neman kuɗi, aikin hannu kuma ya samu farashi.

Gayya ba rana ɗaya ta mutu ba, ja da baya ta yi ta yi. Dalilin kuwa a fili yake. Talakan da rumbunsa ya ƙare a bazara, in ya je gayya shi kaɗai zai ƙoshi, iyalinsa na gida da yunwa. In ya je ƙwadago kuwa zai dawo da abin awo. Mai hali shi ma ya lissafa ya ga ciyar da mutum talatin da makaɗa ya fi masa tsada a kan ya ɗauki mutum biyar ya biya su. Wata mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar ƙwadago ya riga ya zama ruwan dare a gonakin garin. Ita ce kuma ta ja hankalin masana kan irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, wanda ba ya bayyana a kasuwa balle a littafin gwamnati.

Ƙungiyoyin gama kai irin na rajista sun shigo Nijeriya ne da dokar 1935, bayan rahoton da wani jami'in Ingila, Strickland, ya rubuta a 1934. Amma hankalinsu na kan amfanin gonar da ake fitarwa waje, koko a Yamma, daga baya gyaɗa da auduga a nan Arewa, kuma harkar maza ce. Matar da ta soya gyaɗar ta matse man, ba wanda ya tambaye ta ko tana son shiga.

Yadda lambu ya zo hannun mata

Shi lambu tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kafin Turawa ana noman albasa, alkama, rake da taba a fadamu da bakin rafuka, har sarakunan Kano suna karɓar kuɗin rafi da kuɗin shuka a kansu. Da jigo ake ban ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, nauyi a gindi, guga a baki, mutum ya wuni yana ja yana juyewa, ruwa na bin 'yar hanya zuwa fangali. Har yau masu lambu na nan a bakin Jakara a Kano, albasar Galmi da ta Aliero kuwa ba inda sunansu bai kai ba. Sai dai aikin maza ne galibi. Rabon mace a ciki shi ne ta yanka tumatir ta shanya kauɗa, ta busar da kuɓewa, ta sayar da ganye.

Fari ne ya sauya wannan. Na 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, ya nuna wa hukumomi cewa dogaro da damina kaɗai ganganci ne. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ruwanta ya buɗe noman rani a Kadawa da Kura. Mata da yawa, musamman dattijai da zawarawa, suka fito aikin girbi da tsinkar kayan lambu a can, amma a matsayin 'yan ƙwadago. A ƙarshen shekarun 1970 matan da ke yi wa wani kamfanin ƙasar waje tsinkar kayan lambu a yankin suka ajiye aiki gaba ɗaya suna neman ƙarin lada, har wata mai bincike ta rubuta labarin a 1978. Mutane sun yi mamaki wai matan ƙauye sun iya yajin aiki. Ni ban ga abin mamaki ba. Matan da suka saba haɗa hannu a turmi ɗaya, haɗa baki ba zai gagare su ba.

Fari ya sake dawowa a 1984. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta tashi haiƙan kan noman rani, aka haƙa rijiyoyi, aka killace filaye a bakin tafkuna, kuma a wurare da yawa mata ne suka riƙe su, don maza sun tafi cin rani. A Nijeriya, Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, wanda ya sa mata da dama suka fara yin rajistar ƙungiyoyinsu. A 1991 kuma, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara. Adashin iyayenmu ne aka yi wa gyara: mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanka a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ba mai bukata rance, in zagaye ya cika a fasa a raba. Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukan Hausawa yau ana aiki da ita a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Sai shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya fara a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injinan ban ruwa. Kashinsa na biyu, daga 2004, ya bi ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da fadama, har da na mata. Jigo ya ja baya, inji ya karɓe shi.

To a wannan doguwar hanya ce muka samu kanmu. Kakanninmu sun dafa wa gayyar maza. Iyayenmu sun yi tasu gayyar a tsakar gida. Mu ne na farko a zuriyarmu da gonar tamu ce, aikin namu ne, tukunyar ma tamu ce.

Abin da na gani a lambunmu

Waɗanda aka fara da su za su tuna bazarar farko. Ba mu da inji, ba mu da waya, da kara muka yi darni, awaki suka fasa shi sau biyu kafin mu gane inda suke shiga. Ranar yashe rijiya 'ya'yanmu maza suka shiga ciki, mu muna jan guga muna zubar da laka. Ba wadda ta ce a yi girki. Wata ta zo da garin ɗanwake a ƙullin zane, wata da ƙuliƙuli, aka tsinko zogale daga jikin shinge aka yi kwaɗo, aka zauna gindin bishiya aka sa hannu a tire ɗaya. Tun daga ranar abin ya zama al'ada: duk bazara, in an cire albasa da tumatirin ƙarshe, mu sa rana mu share fangali, mu zuba taki, mu gyara shinge kafin a saki ruwa, mu yi renon irin barkono da yalo na damina, sannan mu ci abinci tare.

Na riƙe littafin taro na wasu shekaru, don haka zan iya faɗa muku wani abu. Yawancin shawarwarin da suka amfane mu ba a taro aka fara su ba. A taro akwai ajanda, akwai shugaba, akwai kunya. Amaryar da ta shigo jiya ba za ta ɗaga hannu gaban uwar mijinta ba. A bakin tire kuwa kowa hannunta da miya, magana na fita da kanta. Nan muka ji cewa wata ta kasa biyan rancenta ne don an kwantar da ɗanta a asibiti, ba don taurin bashi ba, aka ɗaga mata tun kafin maganar ta kai gaban kwamiti. Nan biyu da suka yi wata uku ba sa gaisawa saboda rikicin layin ban ruwa suka tsinci kansu a kwano ɗaya, wata dattijuwa ta ce ba mai tashi sai an cinye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa a nan muke liƙe tsagar tun tana ƙarama.

Shekarar da ɗaya daga cikinmu ta shiga takaba, ba a yi taro a kanta ba, ba a rubuta komai ba. Ranar aikin bazara aka zuba abinci aka ga gurbinta, sai wata ta ce, to fangalinta fa? Nan take aka raba kwanakin. Wata huɗu da kwana goma ana ba shukarta ruwa, ana cire ciyawa, ana aika mata da kwanonta gida duk ranar aiki. Ran da ta fita ta tarar da barkononta ya nuna. Ku gaya mini ɗan ƙwadagon da zai duba ya ga babu wance.

Hujjar masu cewa a daina

Yanzu bari in yi wa ƙannenmu adalci, don gaskiya suka faɗa a abu uku. Na ɗaya, hatsi da mai da itace sun yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ban ruwa kaɗai ya isa ya cinye ribar fangali. Na biyu, da yawansu suna koyarwa, ko aikin asibiti, ko ɗinki, wuni guda a lambu asara ce gare su. Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai don laifinmu ne mu manya, girkin nan kullum a kan mutum huɗu ko biyar yake faɗawa. Su ke zuwa da asuba, su ke shan hayaƙi, su ke wanke-wanke bayan kowa ta tafi, sannan in an zo lissafin waɗanda suka yi aikin lambu a ce ba su riƙe fartanya ba. Akwai kuma 'yan gayyar soɗi, waɗanda ba a ganinsu sai an sauke tukunya. Wato abin da aka yi wa kakanninmu, na a ci tuwonsu a yabi mai gona, shi muke yi wa junanmu.

Ga abin da nake roƙo a duba ranar taro. Aikin da ya fi ƙarfinmu, kamar yashe rijiya da kafa turakun shinge, a ɗauki ma'aikata a biya su daga asusu, ba abin kunya ba ne. Amma ranar shara da zuba taki da dashe ta zauna yadda take, kowace ta zo da hannunta, wadda aiki ya hana ta wuni ta zo ko na awa biyu ne. Girki ya zama na zagaye, unguwa-unguwa, a rubuta shi a littafi a matsayin cikakken aikin yini daidai da na mai fartanya. Kada a ƙayyade abin da za a kawo. Mai mudu ta kawo mudu, mai gishiri ta kawo gishiri, wadda ba ta da komai ta kawo itace, kuma kada a rubuta wa ya kawo me. In shekara ta yi tsanani, ko kunun tsamiya ne a dama, in dai a masaki ɗaya za a sha. 'Yan matanmu da samarinmu kuma a riƙa zuwa da su, su ga yadda ake yi, don ba a koyon wannan a allo.

Mun ga yadda gayyar maza ta ƙare. Ba wanda ya yi shela ya soke ta. Kowa ya lissafa ya ga biya ya fi sauƙi, kuma kowa da gaskiyarsa, sai aka wayi gari in mutum ya kwanta ciwo a damina gonarsa ta zama saura. Ina tsoron kada wata rana mu zama mata masu lambar asusu ɗaya waɗanda ba su san gidan juna ba.

Wannan shi ne ra'ayina, na kuma san akwai waɗanda suka fi ni sani. Inda na yi kuskure a gyara mini, inda na taɓa wata a yafe mini, don Allah. Aikin bazarar bana na nan tafe bayan biki, sakatariya za ta sanar da rana. Ni dai na riga na ajiye garin ɗanwake da kanwa, mai zuwa da man gyaɗa ta sanar da ni.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana shukarmu daga fari da ƙwari, ya bar mu tare. Wassalamu alaikum.